Katifar Zango ga Mai Kwanciya ta Gefe: Yadda Ake Zaɓenta

Mai kwanciya rigingine ba ya shan wata wahala a cikin tanti. Nauyinsa a baje yake tun daga ƙeya har dunduniya, ko siririn soso ka shimfiɗa masa sai ka ji yana minshari. Ni ta gefe nake kwanciya, kuma duk mai irin kwanciyata ya san cewa kusan dukan nauyinmu wuri biyu yake taruwa: kan kafaɗa, da wannan dunƙulen ƙashi da ke gefen kwatangwalo. In abin da ke ƙarƙashinka bai isa ba, cikin tsakar dare ƙashin nan zai tashe ka, ka tarar hannun da ka danne ya sage. Ka juya ɗaya gefen, can an jima shi ma ya ce bai yarda ba. Gari ya waye ga tafiya a gabanka, ga jiki duk a mace.

Abin da jikinka yake nema ba wani abu ba ne mai wuyar ganewa. In ka kwanta ta gefe, kafaɗa ta fito, ƙugu ya shige, kwatangwalo ya sake fitowa. Kafin ƙashin bayanka ya miƙe sai kafaɗa da kwatangwalo sun nutse cikin shimfiɗar, ita kuma ta taso ta cike gurbin ƙugu. Nutsewar nan tana bukatar wuri. Shi ya sa a wurina kauri ne abu na farko, sauran abubuwa duk a bayansa suke.

Katifun zango iri uku ne. Akwai ta soso mai tauri wadda ake naɗewa ko a ninke, irin su Z Lite ta kamfanin Therm-a-Rest da Switchback ta kamfanin NEMO. Kaurinsu bai wuce santimita 2 da ɗan wani abu ba. Ba sa hujewa, ba sa bukatar iska, amma mai kwanciya ta gefe kada ya dogara da su su kaɗai. Suna da wani amfani da zan zo kansa. Sai mai shan iska da kanta, wadda ke da soso mai laushi a ciki: ka buɗe bawul, soson ya kumbura ya zuƙo iska, ka ƙarasa da baki. Wasu injiniyoyi da suka yi aiki a kamfanin Boeing a Amurka ne suka fito da irinta a farkon shekarun 1970, ita ce asalin Therm-a-Rest. Ƙananan da ake yi don jakar goyo yawanci santimita 2.5 zuwa 4 ne, kuma ga mai nauyin jiki wannan ya yi kaɗan. Na uku ita ce ta iska zalla, wadda kai ne za ka hura ta. In a baya za ka goya kayanka, a cikin wannan rukunin za ka sami taka.

Kada ka yarda da kaurin da ya gaza santimita 7.5, wato inci 3. Katifar NeoAir XLite NXT ta Therm-a-Rest tana daidai wannan iyaka. Ether Light XT ta Sea to Summit ta kai santimita 10. In kana da faɗin kafaɗa, ko faɗin kwatangwalo, ko jikinka da nauyi, ka karkata wajen 9 zuwa 10.

Amma ga abin da nake so ka riƙe, don a nan mutane da yawa ke sayen katifa mai kyau kuma su kwana suna juyi. Ba don ka cika ta tam kake sayen mai kauri ba. Kana sayenta ne don ka sami iskar da za ka rage. Katifar santimita 10 da aka hura har ta yi tauri ba za ta bar kafaɗarka ta shiga ba, kanta kawai za ka ɗare, ƙugunka a rataye. Ga yadda nake yi: in hura ta ta cika, in kwanta ta gefen da na saba, in lanƙwashe gwiwa yadda nake barci, sannan in miƙa hannu wajen bawul in riƙa sakin iska kaɗan-kaɗan. Bawul na zamani yawanci yana da ɗan maɓalli ko fatar roba a tsakiya da za ka danna da kan yatsa, ka ji "fss", ka saki. Za ka ji kafaɗa tana sauka, ka ji katifar tana tasowa tana taɓa haƙarƙari da ƙugu. Da ka ji ƙashin kwatangwalo ya soma jin taurin ƙasa, ka wuce iyaka, sai ka ƙara mata numfashi biyu ko uku. Tsakanin "ta yi tauri" da "na taɓa ƙasa" akwai tazara. A katifa mai kauri tazarar da faɗi, za ka sami wurin da ya dace da kai cikin sauƙi. A siririya kuwa kusan babu ita, kana rage iska kaɗan ka isa ƙasa.

Kafin ka biya kuɗi, ko kafin wa'adin mayar da kaya ya ƙare in ta intanet ka saya, gwada ta a kan daɓe mai tauri, ba a kan kafet ba, don kafet yana ɓoye aibi. Kwanta ta gefe, ka sa wani ya tura tafin hannunsa tsakanin katifar da ƙasa daidai kwatangwalonka. In nauyinka ya matse masa yatsu, ba taka ba ce. Ka kuma roƙe shi ya duba bayanka daga wuya zuwa ƙugu, ya ga ko a miƙe yake. Ka daɗe a kai, ko da minti goma sha biyar ne, ka juya dama ka juya hagu, domin minti ɗaya kowace katifa daɗi gare ta. Kada kuma ka yanke mata hukunci don ka durƙusa a kanta gwiwarka ta taɓa ƙasa, ko ka zauna ka ji daɓe. Kusan kowace katifar iska haka take yi, ba don zama aka yi ta ba.

Bayan kauri sai faɗi. Faɗin da aka saba yi santimita 51 ne, inci 20, kuma wanda ya miƙe rigingine ne ya dace da shi. Kai da kake lanƙwashe ƙafa, gwiwoyinka za su leƙa ta gaba, ɗuwawu ya leƙa ta baya. Kuma katifa na ƙara kauri, faɗowa daga kanta na ƙara zama abin damuwa: gwiwar da ta sauka daga tudun santimita 10 tana jan kwatangwalo tana murɗa ƙugu, ga sanyin ƙasa da za ta kwasa. Ɗauki mai santimita 64, inci 25. Nauyin da za ta ƙara maka bai taka kara ya karya ba in ka auna shi da barcin da za ka samu. Ka kuma fifita mai kusurwa huɗu a kan wadda ake tsuke wa wajen ƙafafu, don daidai inda aka tsuke ɗin nan ne ƙafarka ta sama ke son sauka. Sai dai ka auna cikin tantinka tukuna. Tantuna marasa nauyi da yawa da ake cewa na mutum biyu ne ba sa ɗaukar faffaɗan katifu biyu gefe da gefe. Tsawo ba shi da wata matsala, santimita 183 da aka saba ya ishi yawancin mutane, balle mu da muke naɗe ƙafa.

Duba kuma yadda aka raba ɗakunan iskar. Masu layi a gicciye suna shimfiɗuwa sumul, amma bakinsu kan lotsa in ka matsa gefe, sai ka ji tana neman zubar da kai. Masu layi a tsaye, daga kai zuwa ƙafa, sau da yawa ana ƙara wa na bakin girma don su tare ka, kamar yadda kamfanonin Big Agnes da Exped ke yi. Na uku su ne masu ɗigo-ɗigo, waɗanda aka manne sama da ƙasa a wurare da yawa suka zama ƙananan aljifai. Ni waɗannan na fi so, domin kwatangwalo yana danna aljifan da ke ƙarƙashinsa ne, sauran jiki bai cika jin katifar tana tunkuɗo shi ba. Wannan ra'ayina ne, jiki kuma kowa da nasa, shi ya sa gwajin daɓen nan ba shi da madadi.

Sai batun sanyi, wanda mutane kan ɗora wa jakar barci, wato bargon nan mai siffar jaka da ake shiga ciki a kwanta, alhali daga ƙasa yake shigowa. Duk abin da ke cikin jakar barcin, gashin tsuntsu ne ko zaren roba, da ka danne shi ya daina riƙe ɗumi. Abin da ya rage tsakaninka da ƙasa katifar ce kawai. Ana auna ƙarfinta na tare sanyi da lambar R, kuma lambar na hawa ɗumi na ƙaruwa. A da kowane kamfani da yadda yake aunawa, wasu ma ƙiyasi kawai suke yi. A 2018 aka fitar da ƙa'idar gwaji guda mai suna ASTM F3340, daga 2020 kuma manyan kamfanoni suka koma rubuta lambar da ita. Ana matse katifar ne tsakanin faranti mai ɗumi da faranti mai sanyi, a auna zafin da ke tserewa. Nemi wannan suna a jikin kwalin. Lambar 1 zuwa 2 ta daren zafi ce, 3 zuwa 4 za ta kai ka har daren da sanyi ya kusa daskarar da ruwa, kwana kan ƙanƙara kuma sai 5 ko sama. XLite NXT tana da 4.5, 'yar'uwarta XTherm NXT kuma 7.3.

Kauri da ɗumi ba abu ɗaya ba ne. Katifar iska mai kauri wadda ba a sa mata komai a ciki ba, iskar yawo take yi tana kwashe ɗumin jikinka tana kai wa ƙasa. Mai kwanciya ta gefe kuma yana da ƙarin dalilin lura: a cike ake gwada katifa a ɗakin gwaji, kai kuwa ka rage mata iska, kuma kwatangwalonka ya matso kusa da ƙasa. Wurin nan ne zai fara yin sanyi. Don haka nakan ɗauki lamba ɗaya sama da abin da yanayin ke nema. A nan ne siririn soson nan ke da rana, domin lambar R tana haɗuwa: soso mai 2 a ƙarƙashin katifa mai 3 ya ba ka 5. Ga shi yana kare ta daga ƙaya da tsakuwa, in kuma ta huje cikin dare ba a kan ƙasa tsura za ka ƙarasa kwana ba.

Mai kwanciya ta gefe yana yawan juyi, to ka saurari katifar ma. Waɗanda aka sa wa siririyar takarda mai ƙyalli a ciki don mayar da ɗumi, wasunsu na ƙarar ƙwaras-ƙwaras duk motsi. Wasu kuma yadin samansu santsi gare shi, ka wayi gari a ƙasan tanti in wurin da ɗan gangare. Kaurin zaren yadin ana rubuta shi da harafin D: 20D ba shi da nauyi amma sai da lallaɓawa, 30D zuwa 40D ya fi juriya, 70D da sama na wanda bai damu da nauyi ba ne.

Kada ka manta da matashi, don katifa ko ta nawa ce ba za ta cike gurbin da ke tsakanin kunnenka da kafaɗa ba. Wanda aka yi don mai rigingine gajere ne. Nemi mai tudu wajen santimita 10 zuwa 12, in ya gaza ka ninke riga ka sa a ƙarƙashinsa. A kan katifar zai zauna, ba a ƙasa gaban kanta ba, in ba haka ba kaurin katifar ya cinye tudunsa. Matashin iska yana son gudu, sai ka zura wa kan katifar wata riga, ka cusa shi a ciki. Wani tufafin kuma ka dunƙule ka sa tsakanin gwiwoyi, yana hana ƙafar sama jan ƙugu.

In da mota za ka je har bakin tanti, rabu da lissafin giram. Ɗauki babba mai soso da iska a haɗe, irin MegaMat ta Exped mai santimita 10. Nauyinta ya kai kilo biyu ko fiye, ba ta shiga jakar goyo, amma soson yana tallafe kwatangwalo yadda iska kaɗai ba ta iyawa. Irin wannan a warware ake ajiye ta a gida, bawul a buɗe, don kada soson ya mutu.

A wurin zango, share ƙasa da hannu kafin ka kafa tanti, ka tsince duk ƙaya da tsinke. Hura katifar da jakar famfo da ake haɗowa da ita, wadda ake tara iska a ciki a matsa ta shiga katifar, domin numfashin baki yana shigar da danshi, ga jiri in babba ce. Iska tana tsukewa in ta huce, saboda haka katifar da ka hura da yamma za ka tarar ta yi laushi da dare. Wannan ba huji ba ne, ka bari sai za ka kwanta sannan ka daidaita ta. Da rana kuma kada ka bar ta a cike cikin tantin da rana ke duka, iskar za ta kumbura ta ɓalle mannin ɗakunan ciki, sai ka buɗe bawul kafin ka fita. In ta ci gaba da sacewa har kana kaiwa ƙasa kafin asuba, hura ta tam, ka shafa ruwan sabulu ko ka tsoma ta a ruwa sashe-sashe, kamar yadda mai faci ke yi wa tayar keke, ka fara da kewayen bawul. Inda kumfa ke tasowa ka yi masa alama, ka bari ya bushe sarai, ka goge maiƙo, sannan ka manna facin a kan katifar da aka sace wa iska, ka ɗora masa wani abu mai nauyi har gam ya kama.