Yadda Ake Tantance Unguwa a Kewayen Birnin Phoenix Kafin Sayen Gida ko Kama Haya

Duk wanda yake neman gida a garuruwan da ke kewaye da birnin Phoenix na jihar Arizona a Amurka, irin su Mesa da Chandler da Gilbert da Glendale, zai tarar da shafukan intanet da dama suna jero masa alƙaluma a kan farashin gidaje da kuɗin shigar iyalai da yawan jama'a. Waɗannan alƙaluma suna da amfani ƙwarai, amma sai ga wanda ya san inda aka samo su da abin da suke aunawa, kuma ya ɗora musu abubuwan da farashin gida ba ya nunawa a birnin hamada, wato kuɗin sanyaya gida da tushen ruwan sha da nisan zirga-zirga.

Aiki na farko shi ne ka san iyakar wurin da ake yi maka magana a kansa. Yawancin shafukan dillalai suna amfani da lambar gidan waya ta yanki, alhali wannan lamba an tsara ta ne domin raba wasiƙu, kuma takan haɗa tsohuwar unguwa mai ƙananan gidaje da sabon rukuni mai katanga a ƙarƙashin adadi guda. Abin da ya fi dacewa shi ne ka nemi ƙaramin yankin ƙidaya da adireshin gidan ya faɗa a ciki, wanda Hukumar Ƙidaya ta Amurka take shatawa ta yadda zai ƙunshi mutum tsakanin 1,200 zuwa 8,000. A shafin data.census.gov za ka sami jadawali uku da suka ishe ka: DP03 na tattalin arziki, DP04 na gidaje, DP05 kuma na jama'a.

Sai dai ka lura da wani abu da masu karatu da yawa suke tsallakewa. Ƙidayar kowa da kowa sau ɗaya ake yin ta a shekara goma, ta baya-bayan nan ita ce ta 2020, kuma ba ta tambayar kuɗin shiga ko farashin gida. Waɗannan bayanai suna fitowa ne daga wani bincike dabam da hukumar take gudanarwa duk shekara, wanda ake kira ACS, inda ake tuntuɓar adireshi kusan miliyan 3.5 a faɗin ƙasar. Alƙaluman shekara guda ana fitar da su ne kawai ga wuraren da jama'arsu ta kai 65,000, saboda haka abin da za ka samu game da ƙaramar unguwa haɗakar shekara biyar ce. A yankin da ake buɗe sabbin gidaje kowane wata, irin wannan adadi yakan nuna unguwar kamar yadda take shekarun baya. Haka kuma kowane adadi yana tafe da tazarar kuskure a gefensa. Idan, alal misali, aka ce kuɗin shigar wata unguwa dala 80,000 ne, ta kusa da ita kuma 86,000, amma tazarar kuskuren kowacce ta kai 12,000, to babu hujjar cewa ɗaya ta fi ɗaya wadata.

Game da kuɗin shiga, ka dogara da adadin tsakiya, wato wanda rabin gidaje suke samun sama da shi, rabi kuma ƙasa da shi, domin shi ne gidajen attajirai biyu ko uku ba sa iya ja sama. Adadin na kafin a cire haraji ne, kuma bai ƙunshi dukiyar da mutum ya riga ya tara ba. Wannan yana da muhimmanci na musamman a Arizona, inda masu ritaya suke da yawa. Sun City da ke gefen Phoenix, wadda kamfanin Del Webb ya buɗe a 1960 domin tsofaffi, misali ne a fili: mutumin da ya gama biyan bashin gidansa yana rayuwa da fansho zai bayyana a takarda a matsayin mai ƙaramin samu, alhali yana iya fin matashin da ke karɓar albashi mai tsoka kwanciyar hankali. Don haka kada ka karanta kuɗin shiga shi kaɗai, ka haɗa shi da shekarun mazauna da yawan mutanen da ke cikin kowane gida.

Darajar gida da ke cikin jadawalin hukumar ƙiyasi ne na mai gidan kansa, an tambaye shi nawa yake ganin za a sayi gidan, ya faɗa. Ainihin cinikin da aka yi kuwa yana rubuce a ofishin rajista da ofishin kimanta kadarori na gundumar Maricopa, wadda Phoenix ke cikinta, kuma kowa yana iya dubawa. Ka nemi gidajen da aka sayar a 'yan watannin nan masu girma da shekarun gini irin na wanda kake so. Ka duba kuma kason gidajen da masu su ke zaune a ciki da na 'yan haya, da yawan waɗanda babu kowa a ciki, amma ka yi hattara da na ƙarshen nan, domin Hukumar Ƙidaya tana lissafa gidajen baƙin hunturu, waɗanda ke gujewa sanyin arewacin Amurka da Kanada su zo su yi 'yan watanni, a cikin gidajen da ba kowa. Ya kamata mai saye ya tuna cewa a rikicin bashin gidaje na 2008 farashi a yankin Phoenix, kamar na Las Vegas, ya faɗi da fiye da rabi, kuma sabbin unguwannin da ke can bakin hamada suna cikin waɗanda suka fi jin jiki.

Ma'aikatar gidaje ta tarayya tana ɗaukar iyalin da ke kashe fiye da kashi 30 cikin ɗari na samunsu a kan muhalli a matsayin waɗanda nauyi ya yi wa yawa, kuma wannan ma'auni ya haɗa har da wuta da ruwa. Idan za ka yi naka lissafin, ka tara biyan bashin gida ko haya da harajin gida da inshora da kuɗin ƙungiyar masu gidaje ta unguwa, wadda ake kira HOA. Sabbin rukunin gidaje da yawa suna ƙarƙashin irin wannan ƙungiya, tana karɓar kuɗi a kai a kai, tana kuma da dokoki a kan launin fenti da ajiye mota da ba da haya, don haka ka karanta takardunta tun kafin ka sa hannu.

Daga nan sai kuɗin wuta, wanda a ganina shi ne abin da baƙo ya fi rainawa. A bazarar 2023 Phoenix ta yi kwana 31 a jere zafi yana kaiwa digiri 110 na ma'aunin Faranhait, kimanin 43 na Salshiyas, ko ya wuce haka, kuma gundumar Maricopa ta tabbatar da mutuwar mutum 645 masu nasaba da zafi a 2023. A irin wannan wuri na'urar sanyaya gida tana cikin abubuwan da rai ya dogara da su. Ka roƙi mai gidan takardun kuɗin wuta na wata goma sha biyu cikakku, domin na Janairu da na Yuli ba su da alaƙa da juna. Ka tambayi shekarun na'urar da ranar da aka yi mata gyara na ƙarshe, ka duba kaurin abin da ke hana zafi shiga ta rufi, ka ga ko manyan tagogi suna fuskantar yamma. Kamfanoni biyu ne manya ke ba da wuta a yankin, APS da SRP, adireshinka ne yake nuna wanda za ka bi, kuma dukansu suna da tsarin da wuta ke ƙara tsada a wasu sa'o'i na la'asar da maraice.

Maganar ruwa ita ce ta fi cancantar a tsaya a kanta. Dokar ruwan ƙarƙashin ƙasa da Arizona ta kafa a 1980 ita ce tushen sharaɗin da ya wajabta wa mai yanka filaye shida ko fiye a yankin Phoenix ya nuna tabbacin ruwa na shekara 100 kafin ya sayar. Wanda ya raba filinsa ƙasa da shida kuwa sharaɗin bai hau kansa ba, kuma ta wannan kafa aka gina gidaje da yawa a Rio Verde Foothills da ke gefen birnin Scottsdale, waɗanda suka dogara da ruwan tanka. A ranar 1 ga Janairu 2023 birnin Scottsdale ya daina barin a ɗebi ruwansa a kai musu, ɗaruruwan gidaje suka shiga tsaka mai wuya, aka shafe watanni kafin a sami mafita. A watan Yunin 2023 gwamnar jihar Katie Hobbs ta sanar da dakatar da ba da sabbin takardun tabbacin ruwa ga rukunin gidajen da za su dogara da rijiyoyi a yankin, matakin da ya fi shafar garuruwan gefe irin su Buckeye da Queen Creek. Ruwan kogin Colorado ma, wanda babbar magudanar Central Arizona Project mai tsawon mil 336 take kawowa, an fara rage kason jihar daga 2022 bayan da gwamnatin tarayya ta ayyana ƙarancinsa. Saboda haka ka tambayi sunan hukumar ko kamfanin da ke ba gidan ruwa, ka tabbatar a shafin ma'aikatar albarkatun ruwa ta jihar cewa yana cikin waɗanda aka amince suna da tabbacin shekara ɗari. Idan rijiya ce ta gidan ko ta haɗin gwiwa da maƙwabta, ka nemi zurfinta da sakamakon gwajin ruwanta da rubutacciyar yarjejeniyar rabo.

Bayanan jama'a suna taimaka maka ka gane ko unguwar ta masu ƙananan yara ce ko ta dattawa, ko jama'arta na ƙaruwa, da harsunan da ake yi a cikin gidaje. Hukumar Ƙidaya tana yin tambayar asalin Latin Amurka dabam da tambayar launin fata, shi ya sa idan ka tara kason duka zai haura ɗari. Dokar adalci a harkar gidaje ta 1968, da gyare-gyaren da aka yi mata, ta haramta nuna bambanci saboda launi ko addini ko ƙasar asali ko jinsi ko naƙasa ko kasancewar yara a iyali, kuma ta hana dillali karkatar da mai saye zuwa wata unguwa saboda irin mutanen da ke cikinta. Wannan doka kariya ce gare ka, musamman idan kai baƙo ne a ƙasar, kuma bai dace mutum ya juya alƙaluman ƙidaya su zama hanyar gujewa wasu mutane ba. Keɓantawar da za ka fi cin karo da ita ita ce ta rukunin masu shekara 55 zuwa sama, inda iyali mai yara ba lallai ne a karɓe shi ba.

Jadawalin DP03 yana nuna tsawon lokacin da mazauna ke ɗauka zuwa wurin aiki. Jirgin ƙasa na cikin gari da ya fara aiki a ƙarshen 2008 ya ratsa Phoenix da Tempe da Mesa ne, yawancin unguwannin gefe kuwa sai da mota, sau da yawa ma biyu ga iyali guda. Rangwamen da ka samu a gida mai nisa yana iya ƙarewa a mai da inshorar mota.

Gani ya kori ji, don haka ka je unguwar da la'asar a tsakiyar bazara, ka ga ko akwai inuwa a tituna da tashoshin bas, ka kuma bi hanyar zuwa wurin aikinka a daidai lokacin cunkoso. Daminar yankin daga 15 ga Yuni zuwa 30 ga Satumba take, tana zuwa da guguwar ƙura da ruwan sama mai ƙarfi da ke cika busassun ƙoramu nan da nan, shi ya sa ya kamata ka duba taswirar ambaliya ta FEMA, hukumar agajin gaggawa ta tarayya, domin inshorar gida ta yau da kullum ba ta biyan ɓarnar ambaliya. Hukumar binciken ƙasa ta Arizona tana da taswirar wuraren da ƙasa ta tsage saboda yawan janye ruwan rijiya, ita ma ka duba adireshin a cikinta. Kafin a kammala ciniki ka ɗauko mai duba gida mai lasisi, ka sa ya bincika rufi da na'urar sanyi da alamun gara a jikin katako, ka karɓi rahotonsa a rubuce tun wa'adin da kwantiragi ya ba ka na janyewa bai ƙare ba.