Yadda na gyara tankin babur ɗina da tsatsa ta ci

Boxer ɗina ya riƙa mutuwa a hanya, ran nan har sau 3 tsakanin Mabera da Runjin Sambo a Sakkwato. Duk wanke kafireton da aka yi, jan gari ake samu a ciki. Da na haska tankin da tocila sai ga tsatsa, har da 'yar ƙofar da mai ke tsattsafowa. Laifina ne: na saba barin tanki kusan fanko da damina, raɓa na taruwa a ciki.

Wani ya ce in kai walda. Ban yarda ba, tururin fetur da wuta ba su shiri.

Na cire tankin, na juye man, na kwance famfon mai na toshe ramin. Na zuba notuna cikin hannu guda na yi ta girgizawa har hannu ya gaji. Sannan binega ta kwana biyu a ciki, na ɗauraye da ruwan kanwa don ya kashe tsamin.

Bushewa ita ce magana, domin gam ɗin da zan shafe cikin tankin da shi ba ya kama ƙarfe mai danshi ko maiƙo. Na kurkure da tina, ruwan da ake tsinka fenti da shi, na bar shi wuni a ranar Sakkwato, wadda ba ta buƙatar taimako.

Na haɗa gam mai kashi biyu, irin wanda fetur ba ya narkarwa, na zuba, na riƙa juya tankin a hankali har ko'ina ya samu, na tsiyaye ragowar. Kwana 4 na jira kafin in zuba mai. Na kuma sa sabuwar matatar mai a tiyo.