Ranar canza keji ba ranar gwaji ba ce

'Yan uwa masu kula da ɓerayen binciken ƙwaƙwalwa, kada ku sa gwajin ɗabi'a ranar da kuka canza keji. Ɓera da hanci yake gane gidansa, sabuwar shimfiɗa kan tayar masa da hankali, sai sakamako ya rikice. Ku bar kwana 2 tsakani.

In maza ne, ku ɗebi kaɗan daga tsohuwar sheƙarsu ku sa a sabon kejin, yana rage faɗa. Shimfiɗar da ta sha fitsari kuwa a zubar, ita ke hura rigima.

Ranar gwaji, ku kai su ɗakin gwajin minti 30 zuwa 60 kafin farawa, kuma a cikin bututu za ku ɗauke su, ba ta wutsiya ba. Bayan kowane ɓera a goge akwatin gwajin da etanol (sinadarin tsaftace kayan aiki) mai ƙarfin kashi 70 cikin ɗari, a bari ya bushe sarai.