Yadda Ake Tara 'Yan Sa-kai Masu Kashe Gobara a Ƙauyukanmu na Sudan, da Yadda Ake Riƙe Su

Daga Mai Wurno da ke kusa da Sinnar zuwa ƙauyukan Gadarif da matsugunan ma'aikatan gona na Jazira, da wuya a shiga unguwar Hausawa ba a ga ɗakin ciyawa ko rumfa ko dangar kara ba, ga kuma karan dawa da aka jibge a bayan gida saboda dabbobi. Da zarar damina ta ɗauke iskar arewa ta fara kaɗawa, har zuwa tsananin zafin Afrilu da Mayu, tartsatsi ɗaya yakan lashe gidaje da dama kafin motar Difa'ul Madani, wato hukumar da ke kashe gobara, ta iso daga birni. Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 ya ƙara wa lamarin nauyi, domin mutanen da suka baro Khartum da Wad Madani sun cunkushe a gidajen dangi da makarantu, ana hura wuta a wuraren da ba a tanada domin girki ba. Mintunan farko na gobara a hannun mutanen unguwa suke, don haka tilas a shirya su tun kafin ranar ta zo.

Tara mutane ba shi da wuya, musamman washegarin gobara, lokacin da kowa ke cewa a rubuta sunansa. Wahalar ita ce a same su bayan wata shida, kuma a ganina tun ranar zaɓen mutane ake gane ƙungiyar da za ta ɗore.

A fara da liman da shehun unguwa, ko omda, wato dagaci, inda yake, a nemi a yi sanarwa bayan sallar Juma'a. Kada a gabatar da abin a matsayin baƙuwar ƙungiya mai shugaba da hatimi. A kira shi da sunan da kowa ya sani, wato gayya, wadda maƙwabtanmu Larabawa ke kira nafir, kuma a gayyace su tare da sauran ƙabilun garin tun daga zaman farko.

Wajen zaɓe, ƙarfin jiki ba shi ne ma'auni na farko ba. Abin dubawa shi ne wanda yake wuni a cikin gari. Saurayi mai ƙarfi da zai tafi yankan riɗi a watan Oktoba, ko ya nufi arewa wajen haƙar zinariya, ba zai amfani unguwar ba ranar da wuta ta tashi. Tela da maƙeri da mai shago da malamin makarantar allo da mai karo, wato amalanken jaki, da ke sayar da ruwa, su ne ƙashin bayan aikin, sai a ƙara musu samari. Mutum goma sha biyu zuwa sha biyar sun isa unguwa guda. Mata kuma lallai ne a ba su nasu rukunin da shugabarsu, domin su ne ke kusa da murhu da rana tsaka lokacin da maza ke gona, kuma su ne suka san ɗakin da jariri yake kwance da gidan da tsohuwa ba ta iya tashi.

Kafin kowa ya amsa, a gaya masa iyakar aikin ba tare da ɓoye-ɓoye ba. Aikin ɗan sa-kai shi ne ya yi kururuwa, ya fitar da mutane, ya kira hukuma, ya tare wutar kada ta tsallaka, ko da hakan zai sa a rushe danga ko a yaye jinkar maƙwabci. Ba a yarda ya kutsa ɗakin da hayaƙi ya cika domin ceto buhu ko akwati ba, saboda hayaƙi ya fi harshen wuta kashe mutane. Iyaye da matan aure sukan bar nasu ya ci gaba da aikin ne idan sun tabbata ba za a jefa shi cikin halaka ba.

Horo a nema wajen ofishin Difa'ul Madani mafi kusa da kuma reshen ƙungiyar agaji ta Hilal Ahmar ta Sudan, wadda ta daɗe tana koyar da taimakon gaggawa. Abubuwan da kowa zai haddace kaɗan ne: ba a zuba ruwa a wutar fetur ko man girki, yashi ake zubawa ko a rufe tukunyar, ba a taɓa wutar lantarki da ruwa sai an yanke layin, idan an ji warin gas, a rufe tukunyar gas ɗin, a buɗe ƙofofi, kada a ƙyasta ashana, wanda ya ƙone a riƙa zuba wa wurin ruwa mai sanyi har kimanin minti 20, ba man goge baki ko ƙwai ba. Kayan aikin ma ba su fi ƙarfin unguwa ba: bokitai, shebur, gatari, manjagara, buhunan da za a jiƙa, tarin yashi, da ganga mai cin lita 200 a cike a kowane lungu.

Riƙe mutanen kuwa yana buƙatar a sauƙaƙa musu. A raba kwanakin tsaro bisa kalandar noma, yadda mai girbin dawa zai huta a lokacin kaka ya karɓi nasa rabon da bazara, kuma a rubuta jerin a jikin bangon masallaci domin kada wani ya ga kamar shi kaɗai ake ɗora wa. Atisaye sau ɗaya a wata bayan la'asar ya wadatar, muddin ba ya wuce awa guda. Ƙungiyar da take zaman jiran gobara kawai watsewa take yi, don haka a ba ta aiki tsakani: share ciyawa a kewayen gari bayan damina domin tare wuta, matsar da tarin kara nesa da ɗakuna, duba gangunan ruwa, da tabbatar da an kashe wutar karatu ta makarantar allo kafin almajirai su kwanta.

Abin da ya fi komai karya zuciyar ɗan sa-kai shi ne ya ji rauni ko ya yi asarar yinin aikinsa, sannan a bar shi da kuɗin magani. A kafa asusu irin na adashi wanda kowane gida zai riƙa sa abin da ya sawwaƙa, kuɗi ko mudun dawa, a damƙa shi ga amintattu biyu da za su karanta lissafi a bainar jama'a. Daga nan za a biya jinya, a biya mai karo kuɗin ruwansa da abincin jakinsa. A halin da ƙasa take ciki, wajibi ne kuma a nesanta ƙungiyar daga siyasa da makami, a sanar da hukumar yankin sunayen mutanenta da aikinsu, domin kada a yi musu mummunar fahimta.

Liman ya ambaci sunayensu ya yi musu addu'a ranar Idi, dattawa su je gaishe da wanda ya ji ciwo har gida. Wanda uzuri ya sa zai bari a sallame shi da godiya, a roƙe shi ya kawo wanda zai maye gurbinsa, ya kuma zauna da shi a atisaye biyu kafin ya miƙa masa bokiti da shebur.