Yadda za ka zaɓi ɗan ƙwallo: mai ci maka yau ko mai tsada gobe

An kira jastifaya, wato gwajin zaɓen 'yan wasa, a filin Kawukudi da ke Accra, yara sun cika maƙil, gurbi ɗaya ne kacal a kulob ɗinka. Ga ƙato mai shekara 26 da zai iya ci maka ƙwallo ranar Lahadin nan, ga kuma siririn yaro ɗan 16 wanda ana ture shi sai ƙasa, amma ƙafarsa na magana. Wa za ka ɗauka?

Fara duba inda kake a teburin gasa. A Amurka da suke yin draf, wato zaɓen sabbin 'yan wasa bi da bi, a NFL, gasar ƙwallon Amurkawa, kulob ɗin da ya zo na ƙarshe shi ke fara zaɓe kuma ba ya faɗawa ko'ina, shi ya sa kulob ke iya haƙuri da yaro, kamar yadda Kansas City suka ɗauki Patrick Mahomes a 2017 suka ajiye shi benci kusan shekara guda yana koyo. Mu nan babu wannan gatan, a Firimiya ta Gana kulob uku ke gangarawa Dibishan Wan duk shekara. In faɗuwa na leƙo ku ɗauki ƙaton kawai, musamman gola da masu tsaron baya.

In kuwa kana tsakiyar teburi, wallahi yaron nake so ka ɗauka. Amma kar dirbil ya ruɗe ka. Tsaya bakin layi ka bar kallon ƙwallo, shi za ka kalla, kafin a ba shi fas yana waiwaya ya ga wa ke bayansa? Taɓawar farko tana zama a ƙafarsa ko tana tsalle? In an ƙwace masa yana bin ta da gudu ko tsayawa yake yana ɗaga wa alƙali hannu? Wannan ne ke nuna yaron da zai yi nisa, jiki kuwa abinci da tirenin za su kawo shi. Sai shekaru. Nemi katin awo na asibiti da takardar makaranta, ka je gida ka gaida iyaye, don mai 21 da ya ce shi 16 ne dole ya fi yara haske, kuma ya riga ya gama girma.

Gasa ɗaya ma ba ta isa hukunci ba. Dominic Adiyiah ya ci ƙwallo 8 a kofin duniya na 'yan ƙasa da 20 a Masar a 2009, AC Milan ta saye shi, abin bai ɗore ba, kuma har yau yana min ciwo. Mohammed Kudus namu na Nima a hankali aka bi da shi, makarantar ƙwallo ta Right to Dream, sai Nordsjaelland a 2018, Ajax a 2020, West Ham a 2023.

Inda muke asara a zango shi ne takarda. Yi wa yaro rajista da GFA, hukumar ƙwallon Gana, da sunan kulob ɗinka tun ranar farko, iyaye su sa hannu. Dokar FIFA ta hana kai shi waje kafin 18, kuma duk sayarwar da aka yi tsakanin ƙasashe ana ware kashi 5 cikin 100 ga waɗanda suka raine shi daga 12 zuwa 23. Ba rajista, ba ko pesewa.

In ka ɗauke shi kar ka bar shi yana ɗaukar jarkar ruwa. Saka shi ya buga a gefen fili, minti 20 na ƙarshe, kusa da babba da zai riƙa yi masa magana, kana ƙara masa lokaci kaɗan-kaɗan.