'Yan dabarun Chrome da za su rage muku wahala

Jama'a barkanmu da warhaka. Ga masu aiki da Chrome a kwamfuta, idan hannu ya kuskure ka rufe shafin da kake karantawa, kada ka koma nema daga farko. Danna Ctrl da Shift da T lokaci guda, zai dawo nan take. Ka sake dannawa, wanda ka rufe kafin shi ma ya dawo. Ni dai wannan ta fi min kowacce amfani.

Dogon shafi kuwa, irin jerin sunayen waɗanda suka samu gurbin karatu, Ctrl da F kawai: rubuta sunanka, ya kai ka inda yake.

Masu zuwa kafe cike fom, don Allah ku buɗe tagar sirri da Ctrl, Shift da N. Da kun rufe ta, asusunku ba zai zauna a buɗe ga na bayanku ba. Sai dai takardar da kuka sauke tana nan cikin kwamfutar, ku goge ta da kanku kafin ku tashi.

A wayar Android kuma, taɓa ɗigo ukun nan na sama, sannan kibiya mai kallon ƙasa. Shafin zai sauka, ka karanta shi ko data ta ƙare.