Wanda Ya Iya Ruwan Dadin Kowa Bai Iya Teku Ba: Kurakuran Da Mutanenmu Ke Yi A Tarkwa Bay

Duk ɗan Gombe ko ɗan Bauchi da ya sauka wajena a Agege, da zarar ya huce gajiyar hanya, roƙonsa ɗaya ne: a kai shi ya ga teku. Ba na ganin laifinsa. Mutumin da ya tashi bai san ruwan da ya fi Gongola da madatsar Dadin Kowa ba, ya yi tafiyar sama da kilomita 1,000, ai ya dace ya tsaya gaban ruwan da ba a hango ƙarshensa ya yi wa Allah tasbihi. Ni harkar wake ce ta kawo ni Legas, ina ɗauko kaya daga Tudun Hatsi, kuma cikin waɗannan shekaru na raka baƙi bakin teku ba adadi. Tarkwa Bay, wani bakin teku da ke mashigar tashar jiragen ruwa ta Legas, nakan kai su, domin ruwan can ya fi na sauran wurare kwanciya. To amma wannan kwanciyar ita ce ke ruɗin mutanenmu.

Ya kamata a san abin da ya kwantar da ruwan. Tun wajen 1908 Turawa suka fara jera manyan duwatsu cikin teku a mashigar tashar jiragen ruwa ta Legas, don kada yashi ya toshe wa jirage hanya. Waɗannan katangun duwatsu su ne ke tare ƙarfin igiyar Tekun Atlantika, shi ya sa aka samu wani ɗan lungu mai yashi inda ruwa ke shigowa a hankali. Ka zagaya bayan katangar, wajen hasumiyar fitilar jirage, za ka ga tekun ya koma halinsa, yana duka yana ruri. Ruwa ɗaya ne. Duwatsu ne kawai tsakani.

Babban kuskure, wanda ya fi kowanne tayar mini da hankali, shi ne mutum ya ce "ai na iya ruwa". Wata shekara ɗan yayata ya zo hutu, saurayi mai jini a jika. Muna isa ya cire riga. Na ce ya dakata, ya ce, "Haba Kawu, ni fa a Dadin Kowa na koyi ruwa, Wikki kuma ba sau ɗaya ba sau biyu ba." Na ce masa Wikki, maɓuɓɓugar nan ta Yankari, ruwa ne garau, mai ɗumi, kana hango ƙasansa, kuma gefe ɗaya yake gangarawa. Kogi ma ka san inda ya dosa. Teku kuwa gaba yake yi ya dawo baya, yana zare yashin da ke ƙarƙashin ƙafarka, ga gishiri da ke rufe maka ido daidai lokacin da kake buƙatar gani. Bai ji ba sai da wata igiya da ba ta kai ƙirjinsa ba ta kwashe shi ta nana da ƙasa. Ya taso yana tari, bakinsa cike da yashi. Allah Ya kiyaye, iyakar abin ke nan.

Abin da na fi tsoro ba igiyar da ake gani ba ce. Ruwan da igiya ta turo bakin gaɓa dole ya koma, kuma sau da yawa yakan tattaru ya bi wata siririyar hanya ya fice da gudu zuwa tsakiyar teku, kamar kwatami bayan an yi ruwan sama. Wannan hanyar ita ke jan mutane. Abin takaici, a ido ita ce ta fi kama da wurin lafiya: igiya ba ta fashewa a wurin, ruwan ya fi duhu, ya yi luf. Baƙo sai ya ga hagu da dama ana ta kumfa, ya zaɓi nan ɗin ya ce ga inda ya fi sauƙi. Ganin kitse yake yi wa rogo. In ka lura da kyau za ka ga kumfa ko tarkacen leda suna tafiya waje maimakon su matso. Kuma irin wannan jan ruwa yana son kusa da duwatsu da katanga, wato daidai inda samari ke son hawa don ɗaukar hoto.

Gyaran a nan kashi biyu ne. Kafin ka sa ƙafa, zauna ka kalli ruwan na minti 10 ko 15, ka tambayi masu kwale-kwale ko samarin wurin inda ake shiga da inda ba a shiga. Baƙo ko da ido makaho ne. In ba gwanin teku ba ne kai, kada ruwa ya wuce maka ƙugu, kuma kada ka juya wa igiya baya. In kuwa tsautsayi ya sa ruwan ya ja ka, kada ka ce za ka yi kokawa da shi ka miƙe zuwa gaɓa, domin gudunsa kan fi ƙarfin gwanayen ninƙaya, kuma gajiya ce ke kashe mutum. Ruwan waje yake kai ka, ba ƙasa yake danna ka ba. Kwanta rigingine ka yi numfashi, ruwan gishiri ya fi na kogi ɗaukar jiki. Ɗaga hannu ɗaya a gan ka. Sannan ka yi iyo gefe, ka bi tsawon gaɓar, tun da hanyar siririya ce. Da ka fita daga cikinta sai ka karkato, igiya ta taimaka maka zuwa tudu.

Wanda ke tudu kuma kada ya afka don zumunci. Na san zuciyarmu, ba mai iya tsayawa yana kallon ƙaninsa na shan ruwa. Amma wanda ke nutsewa duk abin da ya kama shi zai danne, sai a rasa biyu maimakon ɗaya. Yi ihu, kira mai kwale-kwale, jefa masa abin da ke yawo a kan ruwa, ko jarka ce da murfinta, ko rigar kariya mai hana nutsewa.

Wani abin da ba mu saba da shi a Arewa ba shi ne cikar teku da janyewarsa. Mu kogi sai da damina yake cika. Teku kuwa sau biyu yake cika a kwana ɗaya, sau biyu yake janyewa, tsakanin cika da janyewa kimanin awa 6, kuma lokacin yana matsawa da kusan minti 50 kullum. Wata ne ke jan sa. Yakan fi ƙarfi a farkon wata da kuma tsakiyarsa, ke nan bukukuwan ƙaramar Sallah, lokacin da muka fi zuwa, sun faɗo cikin kwanakin da ruwan ke cika sosai. A Legas bambancin kusan mita 1 ne, ba shi da yawa a baki, amma a shimfiɗaɗɗen yashi yana cin taku da dama. Na ga iyali sun shimfiɗa tabarma daf da ruwa, sun ajiye kuloli da takalma da wayoyi, sun tafi yawo, suka dawo suka tarar teku ya yi musu wanki. Dubi inda yashi ya jiƙe da layin da ruwa ya tara shara. Bayan wannan layin ake zama.

Sai maganar sutura, kuma ina so 'yan'uwana mata su ji ni da kyau. Ba wanda ya ce a tuɓe mutunci don an zo bakin teku. Amma zani da dogon hijabi in suka sha ruwa nauyi suke yi, su naɗe ƙafafu, igiya kuma ta samu abin kamawa. Haka ma jallabiya da wandon jins ga maza. Addata da ta zo, ce mata na yi, "Adda, in dai za ki taɓa ruwan nan, sa dogon wando mara nauyi da riga mai kauri da ba ta nuna jiki, da ɗan hijabi iya kafaɗa, babban kuma ya jira ki a tudu." Ta yi hakan, ta shiga iya gwiwa, ta fito ta lulluɓe abinta. Wadda ba ta da niyyar sauya kaya, ta tsaya iya idon sawu. A riƙo kayan canji a leda.

Yara kuwa kada a ce "ai muna da yawa, wani zai gan su". Idon kowa idon ba kowa ba ne. A raba su tun a gida: wannan yaron na wane ne, kuma in yana cikin ruwa, hannun babban ya zama yana iya kai wa gare shi. Yaro in yana nutsewa ba ya ihu, shiru yake yi. Tayar roba da ake hura wa iska ba kariya ba ce, iska kan tura ta waje da yaron a kai.

Tarkwa sai da jirgin ruwa ake zuwa, daga wajen Marina ko Victoria Island, tafiyar da ba ta cika kai rabin awa ba. Nan ma muna kuskure. Za a miƙo wa mutum rigar kariya ya ɗora ta a cinya, ko ya sa bai ɗaure ba, wai zafi, wai za ta ɓata masa shadda. Rigar da ba a ɗaure ba, ta saman kai take fita da an faɗa ruwa. Doka ce a Legas a sa ta, kuma ko ba doka ai hanyar manyan jiragen da ke shiga Apapa ake ratsawa, in ɗaya ya wuce sai ka ji kwale-kwalen na rawa. Ka ga an cika jirgi fiye da kima, ko babu riga daidai yaro, sauka ka jira na gaba. Kada a miƙe tsaye don ɗaukar bidiyo.

Sallah ba ta da wuya a can, amma na ga masu barin Azahar har ta fita wai ba ruwan alwala, alhali ga teku a gabansu. Hadisin Abu Huraira sananne ne, Annabi (SAW) ya ce ruwan teku mai tsarkakewa ne, mushensa kuma halal ne. Yi alwalarka, ka sami yashi mai tsabta. Alƙibla kuma ba ita ce fuskar ruwa ba, kamar yadda wasu ke yi: gabas za ka duba, ka ɗan karkata arewa. Sha ne ba a yi. Kowace lita ta ruwan teku tana ɗauke da gishiri kusan giram 35, ƙishi yake ƙarawa. A tafi da ruwan sha isasshe, domin zafin Legas na gumi ne, ba irin busasshen zafinmu ba, mutum na tsiyaya bai sani ba saboda iskar teku na kaɗa shi. Kada a yar da silifas, yashin tsakar rana yana ƙuna.

Kuɗi kuma a yi magana tun kafin a zauna: na jirgi zuwa da dawowa, na shiga, na rumfa da kujeru. Wanda ya zauna sannan ya tambaya, abin da aka yanka masa shi zai biya. Riƙe tsabar kuɗi kaɗan a leda mai ɗaurewa tare da waya, don ruwan gishiri in ya shiga waya da wuya ta tashi. In da zaɓi, a je tsakanin Nuwamba da Maris. Watannin Yuni da Yuli ruwan sama ne kamar da bakin ƙwarya, tekun kuma ya fi fushi. Mai iyali ya fi samun natsuwa a ranakun aiki da safe, kafin masu kiɗa su cika wurin.

Saura lokacin dawowa. Mutanenmu kan makara wajen fita saboda gosilo, su iso bayan Azahar, sannan su ƙi tashi sai sun ga faɗuwar rana. Nan ne kowa ke rububin jirgi ɗaya, a cika shi, a ratsa ruwa cikin duhu. Karɓi lambar mai jirgin da ya kawo ku, ku tsayar da lokaci. Ni da na sallame La'asar nake sa a naɗe tabarma, a tsince ledojin da muka zo da su, a ƙirga yara, mu nufi jirgi rana na sama.